Shigar da Fayil ɗin CSV a Google Sheets: Shawara ga Sakatarorin Ƙungiyoyin Manoman Watari

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga gyaran kwami don noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Watari, to aikin sakataren ƙungiyar manoma ya taso ke nan. Wa ya biya kuɗin ruwa, wa ake bi bashi, buhu nawa na taki ya faɗo wa kowa, wa ya karɓi irin shinkafa, wa ya ce shi tumatir da albasa zai yi bana. Tun da aka gina madatsar nan ta ƙaramar hukumar Bagwai tsakanin 1977 da 1980, littafi mai kaurin bango da biro ne ke riƙe da irin wannan lissafi, sun kuma riƙe shi da amana. Abin da ya sauya shi ne masu neman jerin sunayen. Malamin gona na KNARDA, jami'in shirin KSADP, banki, kamfanin da ke sayen shanshera, kowa a waya ko a kwamfuta yake son a ba shi, ta nan kuma yake maido da shi.

Sauyin ya daɗe da somawa. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, gwamnatin tarayya ta fara rabon taki mai rangwame ta saƙon waya. Wanda lambarsa ta shiga rajista daidai ya ga saƙo ya je ya karɓa, wanda tasa ta shiga a karkace ya yi ta jiran gawon shanu. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi, shi kuma ya zo da sharaɗin asusun banki da lambar BVN. Tun daga nan, a idon hukuma manomi lambarsa ce. Lamba ɗaya ta faɗi daga cikin goma sha ɗaya, mutum ya tashi babu taki, alhali sunansa na nan ɓaro-ɓaro a takarda.

Shi ya sa nake son mu zauna kan wani aiki da ake ɗauka ƙarami. An turo maka fayil ta WhatsApp ko ta imel, sunansa ya ƙare da .csv, an ce ka duba, ka gyara, ka ƙara sababbin membobi, ka maido. Kana son ka zuba shi a Google Sheets, jadawalin nan na intanet, don kai da shugaba da ma'aji ku riƙa ganin abu guda. Aikin ba ya cin minti biyar. Amma a cikin mintunan nan ake yin ɓarnar da ba a gano ta sai ranar rabo. Shawarata gaba ɗaya a kan abu ɗaya ta tsaya, Malam Sakatare: kada ka bar na'ura ta yi maka hasashen abin da ke cikin fayil ɗin. Kai ka san 0803 farkon lambar waya ce. Ita ba ta sani ba.

Fayil ɗin CSV rubutu ne zalla. Babu launi a cikinsa, babu layukan jadawali, babu lissafi. Kowane layi mutum ɗaya ne, waƙafi kuma shi ke raba bayani da bayani. Da za ka buɗe shi a manhajar rubutu irin Notepad, ga irin abin da za ka gani:

suna,gari,waya,hekta,taki,kuɗi
Malam Wane,Gadanya,0803…,1/2,20-10-10,25,000

Ka ƙura wa layi na biyun ido da kyau, domin kusan duk matsalolin da za mu tattauna suna kwance a cikinsa. Kanun bayanai shida ne a sama. Ƙirga gutsattsarin da waƙafi ya raba a ƙasa, za ka samu bakwai, saboda waƙafin da ke cikin 25,000 shi ma na'ura ta ɗauke shi a matsayin iyaka. Sai 25 ta zauna a gurbin kuɗi, 000 ta tsallaka gurbi na gaba. Haka adireshi irin "Kiyawa, Bagwai" ke tsagewa biyu ya tura duk abin da ke bayansa gefe, har lambar waya ta koma ƙarƙashin hekta. Ƙa'idar ita ce duk bayanin da ke da waƙafi a cikinsa a rufe shi da alamar zance, wato "25,000". Manhajojin kirki suna yin haka da kansu, matsalar takan fito ne daga fayil ɗin da wani ya taɓa da hannu. Sai a 2005 aka tsara wa wannan salon fayil ƙa'ida a rubuce, a takardar da ake kira RFC 4180, kuma har gobe ba kowace manhaja ke bin ta sau da ƙafa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye asalin fayil ɗin yadda ya zo. Ka ɗora kwafinsa a Google Drive, a cikin jaka mai suna "asali", ka sa masa ranar da ya iso. Kowane asusun Gmail na da gigabayit 15 kyauta, fayil mai sunan manoma dubu kuwa bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Kada ka buɗe asalin a Excel ko a manhajar ofis ta waya ka danna ajiyewa. Buɗewa kawai ba ta ɓata komai. Ajiyewar ce ke rubuta kuskuren na'ura a kan gaskiyar da aka turo maka, daga nan kuma babu inda za ka koma.

Hanyar da ta fi sauƙi, wato danna fayil ɗin a Drive ka ce a buɗe shi da Google Sheets, ita ce nake hana ka. Tana buɗewa nan take ba tare da ta tambaye ka komai ba, ta sauya abin da ta ga dama. Ka bi doguwar hanya. Shiga sheets.google.com a kwamfuta, ka buɗe sabon jadawali fanko. Da farko danna File, sannan Settings, ka duba wurin da aka rubuta Locale. Sau da yawa za ka tarar da United States. Mayar da shi United Kingdom. Dalili shi ne mu rana muke fara rubutawa kafin wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi. 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a wurinsu 4 ga Maris. Abin da ya fi muni, ranakun da suka haura 12 ba sa juyuwa tunda babu wata na 13, sai ginshiƙi ɗaya ya zama rabinsa daidai rabinsa a birkice, ido kuma ba ya rabewa. Ga ƙungiyar da ke lissafin wa'adin biyan bashi, wannan rigima ce da za ta iya kai mutane gaban mai gari.

Bayan haka danna File, sannan Import, sannan Upload, ka zaɓo fayil ɗin. Wani ɗan akwati zai fito da tambayoyi uku.

Ta farko, ina za a zuba bayanan? Zaɓi Insert new sheet, ko Create new spreadsheet, domin su sauka a shafinsu na kansu. Akwai zaɓin Replace, wanda ke share abin da ke nan ya maye gurbinsa, akwai kuma Append, wanda ke liƙa sababbin layuka a ƙasan tsofaffi. Append na da amfani idan kowace mazaɓa ta turo nata jerin, Gogori daban, Romo daban, Rimin Dako daban, kana son haɗe su. Sai dai ba ya duba kanun bayanai. Idan na Gogori ya sa waya a ginshiƙi na uku, na Romo ya sa asusun banki a na uku, haka zai jera su a ƙarƙashin juna. Yana kuma shigo da layin kanu a tsakiyar jerin kowane karo. Manomi ba ya juye sabon hatsi a rumbu sai ya shanya shi ya duba ko da ƙwari, to haka za ka yi wa kowane sabon fayil: shafinsa daban tukuna, in ya tsarkaka sannan ka haɗe.

Tambaya ta biyu ita ce alamar da ke raba bayanan. Detect automatically yakan gane da kansa mafi yawan lokaci, za mu dawo kan inda yake kasawa.

Ta uku ita ce uwa uba. Wani ɗan ƙaramin akwati ne a ƙasa, an rubuta Convert text to numbers, dates, and formulas a gefensa, kuma a cike yake zuwa da alamar amincewa. Cire alamar nan. In ka manta duk abin da na faɗa, kada ka manta wannan.

Ga abin da ke faruwa in ka bar ta. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce mai farawa da sifiri. A ilmin lissafi sifirin farko ba shi da daraja, don haka na'ura ta jefar da shi, 0803 ta koma 803, lambar ta zama guda 10. Lambar asusun banki guda 10 ce tun da aka koma tsarin NUBAN, kuma da yawa da sifiri suke farawa, wasu ma da biyu. Su ma haka za a gutsure su su koma tara ko takwas. Tura irin wannan jeri banki, a dawo maka da shi, ko a biya wasu a bar wasu. Lambar da aka rubuta da +234 kuwa alamar tarawarta ce ke ɓacewa, a Excel ma takan rikiɗe ta koma wani abu kamar 2.34803E+12, kuma in aka ajiye fayil ɗin CSV a wannan hali, lambobin ƙarshen sun tafi ke nan har abada.

Koma kan Malam Wane. Rabin hekta yake nomawa, an rubuta masa 1/2. Na'ura za ta karanta shi 1 ga Fabrairu. Mai 3/4 ya zama 3 ga Afrilu. Takin NPK 20-10-10, wanda kowane manomi a Bagwai ya san buhunsa, yana iya komawa 20 ga Oktoban 2010, alhali 15-15-15 ya tsira saboda babu wata na 15. Ka ga ginshiƙi ɗaya, wani taki da sunansa, wani ya zama kwanan wata. Wannan cuta ba ta bar manyan masana ba. A 2020 sai da kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar gado na ɗan Adam suna ya sauya sunayen wasu daga cikinsu, irin su SEPT1 da MARCH1, don Excel na mayar da su ranakun Satumba da Maris a cikin bayanan bincike.

In ka cire alamar, komai zai shigo a matsayin rubutu, yadda aka turo shi. Sifiri na nan, 1/2 na nan. Abin da ka biya a madadin haka shi ne ginshiƙin kuɗi da na buhuna su ma rubutu ne yanzu, ba za su taru ba. Ka sa SUM ka ga sifiri, kada gabanka ya faɗi. Alamar da za ka gane da ita: rubutu na jingina hagu a cikin gurbi, lamba na jingina dama. Buɗe sabon ginshiƙi a gefe ka rubuta =VALUE(F2), idan kuɗin a ginshiƙin F suke, ka ja shi har ƙasa. Duk inda ya nuna kuskure, akwai wani abu a gurbin da ba lamba ba, wataƙila harafin N na naira, ko an rubuta "dubu biyar" da kalmomi, ko harafin O a madadin sifiri. Gyara su ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan ɗan wahalar alheri ce, domin kai ke zaɓar ginshiƙi biyu ko uku da suka cancanci lissafi. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk lambar da ba za ka taɓa tarawa ko ɗebewa ba, suna ce, a bar ta a rubutu. Waya, asusu, BVN, NIN, lambar fili, lambar katin memba, duk sunaye ne. Hekta kuma daga yau a riƙa rubuta 0.5 da 0.75.

To in fayil ɗin tun daga can ya zo babu sifirin fa? Yakan faru, domin wanda ya turo ya riga ya buɗe ya ajiye. A sabon ginshiƙi rubuta =TEXT(VALUE(C2),"00000000000") da sifiri 11 don lambar waya, ko sifiri 10 don asusun banki. Zai cike gurbin da ya ɓace a gaba. Wannan na gyara sifirin farko ne kawai. Lambar da aka yi kuskuren bugawa tun asali, mai ita kaɗai zai iya gyara ta. Idan kuma da hannu kake ƙara sabon memba, zaɓi ginshiƙin ka danna Format, Number, Plain text kafin ka fara bugawa.

Yanzu batun alamar rabuwa. Wani lokaci za ka shigar da fayil ka ga komai ya cunkushe a ginshiƙin A, suna da gari da waya duk a gurbi ɗaya, da waƙafi mai ruwa, wato alamar (;), a tsakaninsu. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Matasan da ke zagayawa gonaki da waya suna ɗaukar bayanan manoma sukan yi aiki da KoboToolbox, shi kuma da waƙafi mai ruwa yake fitar da CSV ɗinsa. Haka fayil ɗin da ya fito daga kwamfuta mai tsarin Faransanci, kamar na abokin ciniki a Maraɗi ko Damagaram. Su waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo a lamba, hekta ɗaya da rabi 1,5 suke rubutawa, don haka dole su raba bayanai da wata alamar. Maganin shi ne ka sake shigar da fayil ɗin, a tambaya ta biyu ka zaɓi Custom ka buga alamar da kanka. Akwai wata hanya a ƙarƙashin Data mai suna Split text to columns, amma tana iya cinye maka sifirin da ka sha wahalar tsarewa. Sake shigarwa ya fi.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Ina da zafi a kan wannan, domin sunan mutum ba abin wasa ba ne. Iri biyu ne lalacewar, kuma sanin bambancinsu zai hutar da kai. In ka ga Ɗahiru ya koma ÆŠahiru, ko ƙ ta koma Æ™, to fayil ɗin na nan daram a tsarin UTF-8, manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta shi a karkace. Shigar da asalin a Google Sheets, sunan zai fito daidai. In kuwa alamar tambaya ka gani, ?ahiru da ?asimu, harafin ya mutu tun lokacin da aka ajiye fayil ɗin, babu dabarar da za ta tashe shi. Koma wurin wanda ya turo ka ce ya sake ajiyewa, a Excel ya zaɓi CSV UTF-8 a jerin nau'o'in fayil. Ina kuma ba da shawarar ginshiƙi biyu na suna: ɗaya yadda mutum ke kiran kansa da cikakkiyar Hausa, ɗaya harafi da harafi yadda yake a banki, inda galibi Dahiru ne babu ƙugiya, wani lokaci ma sunan mahaifi ne a gaba. Na bankin shi za ka tura wa masu biyan kuɗi.

Bayanai sun shigo, sun yi kyau a ido. Kada ka yarda da ido. A ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona a wajen lissafinta. Ɗakunan gwaji sun turo sakamako a fayilolin CSV, aka zuba su a tsohon samfurin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya haura ya zube ba tare da wani gargaɗi ba. Google Sheets na ɗaukar gurbi har miliyan 10, don haka ƙungiyarka ba za ta cika shi ba. Darasin da ke ciki shi ne na'ura ba ta ihu in ta zubar da mutum. Ƙirgawa kaɗai ke tona asiri.

Tambayi wanda ya turo: mutum nawa ne a ciki, jimillar kuɗi ko buhuna nawa? Sannan ka rubuta =COUNTA(A2:A) a wani gurbi can gefe ka ga ko adadin ya zo ɗaya. A gefen ginshiƙin waya rubuta =LEN(C2) ka ja ƙasa: duk inda ba 11 ba, akwai magana. Asusu 10, BVN 11, NIN 11. Gangara har layin ƙarshe, ka kuma leƙa ginshiƙin da ke bayan na ƙarshe, wanda ya kamata ya zama fanko. In ka ga wani abu a ciki, layin nan waƙafi ya tsaga shi. A ƙarƙashin Data akwai Data cleanup, a ciki akwai Trim whitespace, yana share tazarar banza da ke maƙale gaban suna ko bayansa, wadda ke sa "Bagwai" da "Bagwai " su zama gari biyu a wurin na'ura. Yi amfani da shi ba fargaba.

Maƙwabcinsa Remove duplicates kuwa, a yi hattara. A ƙauye ɗaya za ka samu Musa Ibrahim uku da Sani Abdullahi huɗu, kowa da gonarsa da iyalinsa. In ka ce a share maimaici bisa suna, ka kori mutane na gaskiya daga rabo. Bisa lambar waya ma ba a tsira ba, domin sau da yawa magidanci da matarsa da ƙaninsa lamba ɗaya suka bayar, musamman a ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa da masu sana'ar gyaɗa, inda wayar maigida ko ta ɗa ake rubutawa. Ni dai ba na son a bar wa na'ura sharewa ko kaɗan. Jera sunayen bisa haruffa, masu kama da juna za su zo kusa da kusa, ka duba da idonka, wanda ya shige maka duhu ka tambayi mai unguwa.

Wajen jerawar ma akwai rami. Idan ka zaɓi ginshiƙin suna shi kaɗai ka danna Sort range, sunayen za su motsa, lambobin asusu su tsaya inda suke. Kuɗin wani ya tafi asusun wani, kuma jadawalin zai yi kyau kamar ba abin da ya faru. Ka daskarar da layin kanu ta View, Freeze, 1 row, sannan ka danna Data, Create a filter, ka riƙa jerawa daga 'yar alamar da ta fito a kan kowane ginshiƙi. Ta haka layi gaba ɗaya ke tafiya tare. In ta riga ta faru, File, Version history zai nuna maka yadda jadawalin yake kafin ɓarnar, ka maido shi.

Na san da yawa daga cikinku ba su da kwamfuta, waya ce kawai, ita ma sai an kai ta caji. Manhajar Sheets ta waya tana buɗe CSV, amma ba ta da akwatin tambayoyin nan uku, don haka ba za ka iya hana ta sauye-sauyenta ba. Dabarar ita ce ka buɗe Chrome, ka danna ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Desktop site, sannan ka shiga shafin Sheets. Rubutun zai yi ƙanana, sai ka kwantar da wayar kana buɗa allon da yatsu biyu, amma File da Import suna nan. Ka nemi inda sabis ke da ƙarfi, aikin ba ya cin data sosai. Da zarar shigarwar ta kammala, sauran aikin yau da kullum manhajar waya ta isa, tana ma da zaɓin ajiye jadawali don a buɗe shi ko babu sabis, abin da zai yi maka rana a bakin gona. In hakan ya gagara, shiga Bagwai ko Bichi ka biya kuɗin rabin awa a shagon kwamfuta. Sai dai ka zauna da kanka a gaban allon. In ka gama, fita daga asusunka na Gmail, ka goge fayil ɗin daga jakar Downloads da kwandon sharar kwamfutar.

Ba don tsoro na faɗi haka ba. Jerin da ke ɗauke da suna da waya da BVN da asusun mutum ɗari biyu, dukiya ce a hannun ɗan damfara. Shi ne mai bugo wa dattijo waya ya kira cikakken sunansa da sunan bankinsa, ya ce daga ofishin tallafi yake, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu doka, mutanen nan don sun yarda da kai suka ba ka lambobinsu. Wajen raba jadawalin, danna Share ka bar shi a Restricted, ka sa adireshin imel na shugaba da ma'aji kawai. Mai gyara ɗaya ya isa, ko biyu, sauran a ba su matsayin Viewer, su gani ba su taɓa ba. Kada ka zaɓi Anyone with the link sannan ka jefa shi a zauren WhatsApp na ƙungiya, domin daga nan ba ka san hannun da zai faɗa ba. Za ka ji ana maganar wata dabara mai suna IMPORTDATA, wadda ke janyo CSV kai tsaye daga adireshin intanet. Tana da kyau ga bayanan da kowa ke iya gani, kamar farashin kaya. Amma sai fayil ya kasance a buɗe ga duniya take aiki, saboda haka ba ta dace da sunayen membobi ba. In ma ba a nemi BVN ba, cire ginshiƙin daga kwafin da za ka tura.

Akwai binciken da ya fi duk dabarun nan, kuma ba ya buƙatar sabis. Buga jerin a takarda, babu ginshiƙin BVN, ka kai taron ƙungiya. Kira suna, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen waya da na asusu, da yawan hekta, mai shi ya ce "haka ne" ko ya ce "a'a, Malam, wannan tsohon layina ne, ya ɓata tun bara." Wanda bai zo ba a aika masa. Dattawan da ba sa riƙe lamba a ka su zo da takardar banki ko su turo yaro da ita. Matan da ba sa fitowa taro, shugabarsu ta bi su gida da takardar. Za ka yi mamakin yawan gyaran da zai fito daga zama ɗaya.

In lokacin maidowa ya yi, File, Download zai ba ka zaɓi. Ka sani CSV shafi ɗaya kawai yake fitarwa, wanda kake kai a lokacin, sauran shafukan ba sa bin sa. Kuma idan jami'in da ka tura wa ya danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, sifirin da ka tsare zai sake zubewa a can, ƙugiyoyin ma su birkice. Don haka in ba CSV aka ce lallai ana so ba, zaɓi Microsoft Excel mai ƙarewa da .xlsx, wanda ke riƙe rubutu a matsayin rubutu. In CSV ɗin ake so don a ɗora a wata manhaja, tura shi, ka haɗa da kwafin PDF a matsayin shaida. Sa wa fayil ɗin sunan ƙungiya da kwanan wata, shekara a gaba, kamar 2025-01-15, don kada a rikita shi da na makon jiya. A cikin saƙon kuma ka rubuta adadin mutanen da ke ciki da jimillar kuɗi ko buhuna, ka roƙi jami'in ya duba ko abin da ya buɗe ya zo daidai da su, ya kuma leƙa ko lambobin waya na da sifirinsu, kafin ya wuce da shi banki ko sito.